WA ZAI AMSA LAIFIN NA'URA?

Jama'a, akwai wata al'ada da ke yaɗuwa cikin manyan ma'aikatan kamfanoni. Mutum ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin yana aiki, har ya kai manaja, sai ya koma jami'a neman digirin digirgir na gudanar da kasuwanci. Ba ya barin aikinsa. Da rana yana ofis, da dare yana kan littafi, shekara uku ko fiye, binciken da zai rubuta kuwa a kan wata matsala ce ta wurin aikinsa. Waɗansunsu abin da suka sa gaba shi ne yadda za a shigo da ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfutar da ke koyo daga bayanai ta yanke shawara, ba tare da an cuci kowa ba.

Masu ba'a suna cewa, me mai furfura ke nema a aji? Mu kuwa mun ce gemu ba ya hana ilmi, kuma wannan karatu ya zo a kan kari. Ku dubi abin da ya faru a inda aka saki na'ura ba mai tsaro.

A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana cewa Amazon, a Amurka, ya ƙera na'urar tace takardun masu neman aiki. An koyar da ita da takardun shekara goma, yawancinsu na maza, sai ta riƙa rage makin takardar da ta ambaci mata. Kamfanin ya yi watsi da ita. A ƙasar Holan kuwa, hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta wajen neman masu zamba a kuɗin taimakon renon yara, kuma ƙasar da mutum ya fito tana cikin abin da ake aunawa. Aka zargi dubban iyalai da laifin da ba su yi ba, aka tilasta musu mayar da kuɗi, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a ranar 15 ga watan Janairu na 2021. A Kanada ma, na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin Air Canada ta gaya wa wani fasinja abin da ba haka ba game da rangwamen tikiti. Kamfanin ya so ya ɗora wa na'urar laifi, kotu ta ƙi a 2024, ta ce ya biya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

To, ina darasin? Injiniya ya san yadda na'ura ke aiki, amma wanda ya daɗe a ofis shi ya san wanda za a kora, da wanda za a hana bashi, da wanda ba shi da bakin kai ƙara. Abin da ya rasa shi ne horon bincike: yadda ake auna hujja, a gane inda bayanai suka karkata, a ce wa mai tallar na'ura ya kawo shaida. Wannan shi ne amfanin komawa makaranta.

Amma fa da sharaɗi. In don a kira shi Dakta ya tafi, ya yi asarar kuɗi da barci. Wanda ya dawo da digiri, muna so ya iya amsa tambaya uku. Da wane bayani aka koyar da na'urar? In ta yi kuskure, wurin wa talaka zai kai kuka? Wane mutum ne, da sunansa, zai ɗauki alhakin?

Doka ma ta fara tashi. Ƙasashen UNESCO 193 sun amince da ƙa'idojin wannan fasaha a 2021, dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Agusta na 2024. A Nijeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. Sai dai takarda ba ta tsare kowa in babu shugaban da zai tsaya a kanta.

Saboda haka masu niyya su yi haramar karatu, mu kuma mu shirya tambayarsu in sun dawo. Allah ya sa mu dace, amin.