In Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu, Gona Ce Mafita

Har yanzu ba a manta da abin da ya auku ran 4 ga Mayu, 2002 ba, sa'ad da injinan jirgin kamfanin EAS suka gaza jim kaɗan da tashinsa daga Kano, ya faɗa kan gidajen Gwammaja, mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya. Wancan babban jirgi ne, kuma ba kome ƙarƙashinsa sai rufin gidaje.

Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin wanda ake koyon tuƙi da shi a Zariya, sha'aninsa dabam ne. In injinsa ya mutu, ko don ƙarewar mai, ko don ruwa ya gauraya da man, ba ya rikitowa kamar dutse. Fukafukansa na riƙe da shi, har daga tsayin mita 1,000 ya iya cin kusan kilomita 9 kafin ya taɓa ƙasa. Abin da matuƙi ke nema a lokacin shi ne fili, watau irin gonakin Balan, a ƙasar Gaya da Ajingi, bayan an kwashe amfani.

Ke nan manomi ne zai fara isa wurin, ba likita ba. Saboda haka kamata ya yi Gwamnatin Jihar Kano ta sa hakimai da dagatai su faɗakar da talakawa: kada a yi cincirindo, kada a kusato da taba ko wuta, domin man jirgi ba ya jira. A janye na ciki can nesa, a aika wa 'yan sanda. Wanda aka ɓata wa shuka kuwa, lalle mai jirgi ya biya shi diyya.