A ba makaɗin titi lasisi, a daina korarsa

A Abuja mutane da yawa sun yarda cewa duk wanda ya tsaya bakin titi da kalangu ko kukuma almajiri ne, ƙazantar gari ne, maganinsa motar kame. Ban yarda ba.

A watan Oktoban 2024 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya ba mabarata wa'adin su bar titunan birnin. Wa ya tsaya ya ware mai bara da mai sana'a? Dattijon da ke saɓe da kalangu a hammata, yana matsa tsirkiya yana sassautawa har fata ta faɗi sunan mutum da na kakansa, shekaru ya yi yana bin ubangida kafin hannunsa ya faɗa. Aikinsa yake sayarwa, wanda ya ji daɗi ya biya, wanda bai ji ba ya wuce abinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne manyan Maitama. Ranar auren 'ya'yansu su ne ke aika mota a ɗauko makaɗa, a yi ta liƙi har kuɗi ya rufe ƙasa, alhali dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da naira. Washegari makaɗin nan ya tsaya a ƙofar gidan, sai maigadi ya daka masa tsawa. A dandali da kasuwanni Mamman Shata ya faro waƙa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da kora aka tarbe shi da ita tun farko, da wa za a girmama?

Masu kukan hayaniya da tare hanya suna da gaskiyarsu, amma tsari ke maganin wannan. Tun 2003 tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ke ba makaɗa lasisi: a saurari kiɗanka, a ba ka wuri da lokaci. A shekarar 2003 ɗin ce kuma Sarauniya Elizabeth ta buɗe Millennium Park a Maitama, fili makeken gaske da iyalai ke cika duk ƙarshen mako. Kamata ya yi hukumar kare muhalli ta Abuja ta keɓe wa makaɗa wurare a ciki, ta yanka kuɗin rajistar da talaka zai iya biya, ta sa iyakar ƙara da lokacin tashi. Wanda ya saɓa a karɓe katinsa, amma kada a taɓa masa ganga.