RAUNIN DA BA YA FITAR DA JINI

Yau hira zan yi da ku a kan wasu bayin Allah da muke yi wa sannu da aiki, amma ba ma yi musu sannu da jiki.

Ran Juma'a 20 ga Janairun 2012, bama-bamai da harbe-harbe suka girgiza birnin Kano, 'yan sanda suka ce mutum 185 ne suka rasu. Ran 28 ga Nuwamban 2014 kuma aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki, sama da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya. An ƙirga mamata, an ƙirga masu rauni. To amma wa ya ƙirga waɗanda suka kwashi gawarwakin? Akwai 'yan kwana-kwana, akwai 'yan Red Cross, akwai nas-nas ɗin da suka kwana a tsaye a Asibitin Murtala, akwai samarin unguwa da suka ɗauki mutane da hannunsu. Haka ma a Majiya ta Jihar Jigawa, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban 2024 ta ci sama da mutum 150. Kowa a cikinsu ya wanke hannunsa ya koma gida, amma abin da idonsa ya gani ya bi shi har kan shimfiɗarsa.

Wannan abu ciwo ne, likitoci sun san shi. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundinsu da sunan PTSD, bayan sun lura da halin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Da Hausa sai mu ce ciwon firgici bayan tashin hankali. Mai shi abin kan dawo masa sabo fil, a mafarki ko ido biyu. Yakan ƙaurace wa hanyar da abin ya faru, barci ya gagare shi, faɗa ya yi masa yawa, taya ta fashe a titi ya zube ƙasa yana karkarwa. Dama Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yawancin mutane abin kan sake su cikin 'yan makonni, amma idan ya haura wata guda yana hana mutum aikinsa da zaman lafiya da iyalinsa, to lokacin ganin likita ya yi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke tarbar irin waɗannan mutane. Idan mace ce sai a ce iska ce ta taɓa ta. Idan namiji ne sai a ce, "Haba Malam, kai fa namiji ne, ina tawakkalinka?" Daga nan sai ya ja bakinsa ya yi shiru, wani ya koma wa ƙwaya don ya samu ya runtsa, wani ya huce a kan matarsa da 'ya'yansa har auren ya mutu. A gaskiya wannan ciwo ba raunin imani ba ne. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a kuma mu kai shi wurin mai ɗori, to me ya sa shi wannan za a hana shi magani?

Magani kuwa akwai shi: zama da ƙwararre ana tattaunawa daki-daki, wani lokaci a haɗa da na sha. Akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Saura hukumomi su tanadi wanda zai saurari ma'aikatan agajinsu bayan kowace masifa.

Ke 'yar uwa da maigidanki ke zabura cikin dare, kai ɗan uwa da ƙaninka ya daina fita tun ranar da ya taimaka a wurin hatsari, kada ku matsa masa sai ya ba ku labari, kada kuma ku yi masa gori. Ku zauna kusa da shi, in ya yi magana ku saurara, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ku raka shi asibiti.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba majinyatanmu lafiya, na fili da na ɓoye. Amin.