Filin Iyaye: Kada Wasa Ya Zama Bauta

Tun Andre Agassi na Amurka yana ɗan shekara 7, ubansa yake tilasta masa buga ƙwallon tanis 2,500 kullum. Ya zama zakaran duniya a 1995, amma zuciyarsa ta ƙi wasan. A 1997 ya gangaro zuwa na 141. Sai da ya koma fili don ra'ayin kansa, kana wasan ya soma yi masa daɗi, har ya ci babbar gasar Faransa a 1999.

To, maigida, in ɗanka ya dawo daga fili, kada ka tare shi da "Ka ci?" Ba shi ruwa, ka tambaye shi ko ya ji daɗi. Baiwar ta Allah ce, amana aka ba ka. Ku karanta Kolosiyawa 3:21 a sujadar yamma.