Ka Bar Yaron Nan Ya Ƙosa Tukuna

Malam, na karanta rubutunka a kan yaron nan na Agoè-Zongo, inda ka laƙaba masa "sabon Adebayor" saboda gudunsa. Haba! Gudu kam ai barewa ma tana yi. Ka taɓa ganin ya tare ƙwallo da ƙirji, ɗan baya na manne da shi? Mu da muke bakin fili mun sha ganin numfashinsa ya ƙare kafin hutun rabin lokaci. Shi kansa Adebayor sai da ya sha horo a Metz, ya koma Monaco a 2003, sannan Arsenal ta ɗauke shi a 2006. Ga shi yanzu dillalai na ta zarya gidan iyayen yaron, har ya fara maganar barin makaranta.