Ƙasusuwan Yamai Da Dajin Funtuwa

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ba zai fito ba sai jikinsa ya yi sanyi. A can aka tayar da ƙasusuwan wata dabba mai suna Ouranosaurus, wadda masanin Faransa Philippe Taquet ya tono a 1966 a Gadafawa, cikin hamadar Agadas. A wannan hamada kuma aka sami ƙasusuwan wani dangin kada mai tsawon ƙafa 30 ko fiye. Masana sun ƙiyasta shekarunsu wajen miliyan 110, tun hamadar tana da koguna. Ko a ƙasar Sakkwato an tono ƙashin wata dabbar teku, har aka raɗa mata sunan Goronyo.

Masanan nan sun ce halittu suna sāke kama sannu a hankali, waɗansu su yaɗu, waɗansu su ƙare. Ko mutum ya yarda da bayaninsu duka, ko ya tsaya ga wani sashe, ƙashi dai ga shi a fili, gani ya kori ji. Darasinsa kuwa shi ne, irin dabba yana iya ƙarewa ƙaƙaf daga doron ƙasa.

To, mu juyo gida. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi rumbun Katsina ce, auduga da masara da dawa sun arzuta mutanenta, ba kuwa wanda zai ce a bar noma. Amma kowace gona da aka sara, daji ne ya ragu. Tsofaffi suna ba da labarin gwanki da ɓauna da kura a bayan gari, yaron yau kuwa bai san kura ba sai a tatsuniyar Gizo. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, shi ne ya kamata ya zama makarantar yaranmu, sai ga shi ɓarayin daji sun hana a kusance shi. Abin da ya ci miliyoyin shekaru a Gadafawa, mu muna yinsa cikin rayuwar mutum ɗaya.

Ba a makara ba tukuna. A 1996 raƙuman dawa da suka saura a Afirka ta Yamma ba su wuce 50 ba, duka a yankin Kure kusa da Yamai. Hukuma da manoman wurin suka haɗa kai suka tsare su, har suka haura 600, a 2018 kuma aka kai waɗansu Gadabeji a ƙasar Maraɗi.

Saboda haka muna kira ga malaman makarantu, kada su jira sai an gina musu babban gida. Kowace makaranta ta keɓe kusurwar aji, yara su tara gashin tsuntsu da zanar maciji da ƙaho da irin itatuwa, a rubuta sunan kowanne da inda aka tsinto shi. Akawunan hakimai su zauna da tsofaffin maharba, su rubuta dabbobin da aka sani a kowace gunduma, da lokacin da aka daina ganinsu, tun masu sanin suna raye. Wanda ya sami hali ya kai ɗalibai gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ga gidan dabbobi a gefensa. Allah Ya sa jikokinmu su ga gada a daji da idonsu, amin.