Kukan bayan mota: a saurara kafin a kwance

Yau filinmu na sha'anin mota zai tsaya a kan wata ƙara da ke damun masu bin hanyar Damagaram zuwa Gure, watau kukan da ke fitowa daga ƙarƙashin mota, yana hauhawa gwargwadon gudu.

Yawancin motocin da ke jigila a wannan hanya, irin su Toyota Hiace da Hilux, da tsofaffin Peugeot 504 na masana'antar Kaduna wadda aka buɗe a 1975, ƙafafun baya ne ke tura su. Ƙarfi yana fita daga akwatin giya, ya bi dogon ƙarfen nan da ake kira kardan, ya shiga pon, shi kuma pon ya raba wa tayoyin baya biyu. Kowanensu da irin kukansa, kuma wanda ya iya bambanta su ba zai biya kuɗin gyaran abin da lafiyarsa ƙalau ba.

A nemi miƙaƙƙiyar kwalta da rana, lokacin da babu cunkoso. A lura da gudun da ƙarar ke somawa, misali kilomita 60 a awa, sa'an nan a canza giya ba tare da an canza gudu ba. In kukan ya sauya murya, a tuhumi inji ko akwatin giya. In bai sauya ba, a fitar da giya, a bar mota ta gangara da kanta, inji yana kunne. Kada a kashe shi, domin birki zai yi tauri, sitiyari ma yana iya kullewa. Muddin ƙarar ta ci gaba, to, laifin yana tsakanin kardan, pon, rulmar ƙafa da taya.

Daga nan sai a saurari ƙafar direba. Kuka siriri mai kama da fito, wanda ke tashi in an ba mota wuta, ya lafa in an ɗaga ƙafa, ko kuma akasin haka, alama ce ta haƙoran pon ko rulmarsu sun ci. Bugu guda, ƙwas, lokacin tashi ko sa giyar baya, galibi daga mahaɗar kardan ne, ɗan ƙarfen nan mai kai huɗu. Shi kardan yana juyawa wajen sau 4 kafin taya ta juya sau 1, saboda haka rawarsa ƙanana ce mai sauri, a ƙarƙashin kujera ake jin ta. Rulmar ƙafa kuwa gurnani take yi: a karkata sitiyari hagu a hankali, in gurnanin ya ƙaru, yawanci ta dama ce, domin can nauyi ya koma. Kukan taya shi ne mai sauƙin ganewa, yana canzawa da zarar an sauka daga kwalta.

Ƙasarmu ba ta raga wa waɗannan ƙarafa. Rairayin hanyar Taskar da ta Kelle yana cinye robar da ke tsare mai, yana toshe ƴar kafar da pon ke numfashi da ita, sai zafi ya turo man waje. Da damina ruwa yana shiga in an ratsa korama. Ga kuma lodin ranar kasuwar Gidigir, wanda ya wuce ƙima.

Abin takaici, ɗan kasuwa yakan ce sai bayan kasuwa, shugaban ma'aikata kuma ya ce wa direba sai an dawo daga rangadi. Alhali pon da ya bushe yana iya ƙamewa ana cikin gudu, kuma mahaɗar gaba in ta karye, kan kardan yakan caki ƙasa ya jefar da mota. Tsakanin Damagaram da Gure wajen kilomita 160 ne, ba kowane gari ke da kayan gyara ba.

A gareji, kafin a kwance kome, a sa makaniki ya duba ko man pon ya kai bakin kafar zubawa. In an tsiyaye shi aka ga garin ƙarfe, ko ya yi fari kamar madara, magana ta fito. A mayar da man giya mai kauri, lamba 90, ba na inji ba. A girgiza kardan da hannu a ji ko yana wasa. A 504 ta fasinja yana ɓoye cikin bututu, sai dai kunne ya yi aiki. In za a cire shi, a yi masa shaida da fenti don ya koma yadda yake. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.